Yadda Ɗalibi Zai Fitar da DNA Daga Ayaba, Ya Kuma Lissafa Gadon Sikila da Kansa

Darasin gado na daga cikin darussan bayoloji da ɗalibai suka fi haddacewa ba tare da sun fahimta ba. Ɗan ajin ƙarshe na sakandare zai rattabo maka cewa a haruffan DNA A na kama T, G na kama C, amma da zarar an juya masa tambayar a WAEC ko JAMB sai ya tsaya cak. Bai taɓa ganin abin da idonsa ba, bai kuma taɓa zama ya yi lissafin da hannunsa ba. Ayyuka uku ne ke gyara wannan, kuma ana iya yin su a kowace makaranta a Zariya, ko da ɗakin gwaje-gwajenta ba komai sai tebura: fitar da DNA daga ayaba, karanta ɗan guntun saƙon da ke cikinsa, da lissafa yadda sikila ke bin iyali.

Kafin ku taɓa ayaba, ku san inda abin yake. Jikin mutum da na dabba da na shuka duk da ƙwayoyin halitta aka gina su. Kowace ƙwaya tana da siririyar fata ta maiƙo da furotin, a cikin mafi yawansu kuma akwai cibiya, wato nukiliyos, ita ma da irin wannan fata. A cikin cibiyar DNA yake, wato sinadarin da ke ɗauke da saƙon gado, a nannaɗe jikin wasu furotin, ya zama dunƙule-dunƙulen da ake kira kuromosom. Mutum yana da 46 a kowace cibiya, uwa ta ba shi 23, uba 23. Masara tana da 20, wake 22, tumatir 24, albasa 16. Da za a warware DNA ɗin da ke cikin ƙwaya ɗaya tak ta jikin mutum, zai kai kusan mita 2. Ƙwayar shuka kuma tana da ƙarin bango mai tauri a waje. Saboda haka aikin da ke gabanku shi ne fasa bango, narkar da fatu biyu, sannan ku sa DNA ya fito daga cikin ruwa inda ido zai gan shi. Duk abin da za ku zuba a kofi, ɗaya daga cikin waɗannan yake yi.

Ku tanadi rabin ayaba nunanniya, ruwa mai tsabta mililita 100, gishiri rabin cokalin shayi, sabulun ruwa na wanke-wanke cokalin shayi biyu, leda mai kauri, kofin gilashi biyu, ƙyalle mai tsabta irin na tace koko, kwalbar gwaji ko wata siririyar kwalba da ake ganin cikinta, da tsinken tsintsiya wankakke. Sai sifirit. Idan makaranta tana da etanol mai ƙarfin kashi 95 cikin 100, shi ya fi. Idan babu, sifirit na kemis zai yi, amma ku nemi fari, ku kuma duba jikin kwalbar: mai kashi 70 ruwa ya yi masa yawa, sakamakonsa ba ya fitowa sosai. Mun fi son ayaba saboda tana dameawa da hannu ba sai da injin markaɗe ba, kuma irin wadda ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari ko Samaru, marar iri a ciki, tana da kuromosom kashi uku maimakon biyu.

Sifirit ɗin za a fara da shi, domin dole ya yi sanyi ƙarara. A sa shi a firiza aƙalla awa ɗaya, ba zai daskare ba. In babu wuta, a sayi ƙanƙara a binne kwalbar a cikin kula. Lokacin zafin Maris da Afrilu wannan mataki ne ke kayar da ajin da yawa, don sifirit na barin ƙanƙara yake fara ɗumama. Kada a fito da shi sai daidai lokacin zubawa.

A sa ayabar a leda, a fitar da iska, a ƙulle, a dama ta da yatsu minti biyu zuwa uku har gudaji su ƙare. A wani kofi a narkar da gishirin a ruwan, sannan a zuba sabulu a juya a hankali. A hankali muka ce, domin kumfa na riƙe DNA ya hana shi ratsa ƙyalle. A juye ayabar a cikin wannan haɗi, a gauraya da cokali, a tsoma kofin a cikin roba mai ruwan ɗumi na digiri 60 na tsawon minti 15. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya haɗa tafasasshen ruwa da ruwan famfo daidai wa daida, zai samu kusa da haka. Ɗumin yana taimaka wa sabulu ya narkar da fatun nan na maiƙo, kamar dai aikinsa a jikin kwanon miya, yana kuma kashe ƙarfin wasu sinadaran ƙwayar da ke daddatsa DNA da zarar ya fito fili. Kada a wuce minti 15, kada kuma ruwan ya kusa tafasa, in ba haka ba DNA ɗin kansa zai lalace. Daga nan a mayar da kofin cikin ƙanƙara minti biyar.

A ɗaura ƙyalle a bakin kofi na biyu a tace. A bar shi ya tsane da kansa. Idan aka matse da ƙarfi, ɓarɓashin ayaba zai bi, ruwan ya yi kauri ya rufe abin da ake son gani. Mai ɗanyen ruwan abarba ya ɗiga ɗigo uku ko huɗu a tatatten ruwan, akwai sinadarin da ke cin furotin a cikinsa, zai saki DNA daga abin da ya nannaɗe. Ba dole ba ne.

Yanzu a zuba mililita 5 na tatatten ruwan a kwalbar gwaji. A karkata kwalbar, a tsiyaya sifirit mai sanyi mililita 10 ta jikin gilashin, a hankali, yadda zai kwanta a saman ruwan ayabar ba tare da sun cakuɗe ba. A miƙar da kwalbar, a ajiye, kowa ya janye hannu. Cikin minti biyu zuwa biyar za ku ga wani farin abu mai zare-zare yana tasowa daga inda ruwan biyu suka haɗu, ƙananan kumfa na maƙale a jikinsa suna ɗaga shi sama. A zura tsinke har zuwa mahaɗar, a murza shi ta gefe ɗaya, zaren zai naɗu a jiki, yana yauƙi idan an ɗago.

Me ya sa ya fito? DNA yana narkewa a ruwa, ba ya narkewa a sifirit. Jikinsa kuma na ɗauke da cajin lantarki na negatif saboda fosfet, don haka zare da zare ture juna suke. Sodiyam ɗin da ke cikin gishiri yana da cajin fozitif, shi ke kwantar da wannan turewar har zaruruwan su dunƙule wuri guda. Da wannan kaɗai za ku iya gano laifin gwajin da ya ƙi. Idan ba a ga komai ba, galibi sifirit bai yi sanyi ba, ko mai ruwa-ruwa ne, ko an manta gishiri. Idan kwalbar ta yi hazo gaba ɗaya, an zuba sifirit da gaggawa ya gauraya. Idan ɗan gari-gari ya fito maimakon zare, an daddatsa DNA ɗin, ko da injin markaɗe ko da girgiza ko da zafin da ya wuce kima. Gaskiya ɗaya kuma da malami ya kamata ya faɗa wa aji: farin abin nan ba DNA zalla ba ne, akwai RNA, wani sinadari ɗan'uwan DNA, da furotin da wani abu mai danƙo na jikin 'ya'yan itace da ake kira fektin. Kuma abin da ido ya gani tarin zaruruwa ne masu ɗimbin yawa, guda ɗaya ko madubin makaranta ba ya nuna shi. Sifirit yana kama wuta, na kemis kuma guba ne, don haka ba a yin wannan aiki kusa da risho ko gas, ba a kuma kai komai baki.

Wanda ya fara ware wannan abu wani likita ne ɗan Suwizalan, Friedrich Miescher, a 1869, daga fararen ƙwayoyin jini da ke cikin mugunyar bandejin asibiti. Farare, domin jajayen ƙwayoyin jinin mutum ba su da cibiya. Siffarsa kuwa sai 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana ta a Kambirij ta Ingila, da taimakon hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin a Landan. Tsani ne da aka murɗa. Sandunan gefe sukari ne da fosfet a jere, matakan kuma haruffa ne biyu-biyu daga cikin huɗu: A, T, G, C. A tana kama T da igiya biyu, G tana kama C da uku. Idan gefe ɗaya ya ce ATGC, ɗayan dole ya ce TACG. Daga nan tambayar nan da ake yawan kawowa ta samo asali: idan A ta kai kashi 30 cikin 100, nawa ne G? T ma 30 ce, an ci 60, saura 40 a raba wa G da C, kowace 20. Wannan ka'ida kuma ita ce sirrin yadda ƙwaya ke kwafar DNA kafin ta rabu biyu: tsanin ya tsage ta tsakiya, kowane gefe ya gina wa kansa sabon abokin tafiya.

Aiki na biyu a takarda ake yin sa. Ƙwayar gado wani yanki ne na DNA da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin, kuma mutum yana da kimanin 20,000 irinsu. Ana kwafar umarnin zuwa RNA, inda U ke tsayawa a gurbin T, sannan a karanta shi haruffa uku-uku. Kusan kowane uku suna nufin amino asid ɗaya, wato tubalin da ake gina furotin da shi. Haɗe-haɗen uku-uku 64 ne, amino asid kuma 20, don haka wasu suna da lamba fiye da ɗaya. AUG ne ke buɗe karatu, UAA da UAG da UGA ke rufewa.

Kada ku yi atisaye da haruffan da aka ƙirƙira kawai, ku ɗauki na gaske. A kan kuromosom na 11 akwai ƙwayar gadon da ke haɗa wani sashe na himogulobin, furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini. Sashen yana da amino asid 146. Ku rubuta gurbi na biyar da na shida da na bakwai: CCT GAG GAG. Ku mayar da T zuwa U, ku duba jadawalin haruffa uku-uku da ke littafinku, za ku samu furolin, gulutamik asid, gulutamik asid. Yanzu ku goge A ɗin da ke tsakiyar gurbi na shida ku sa T: CCT GTG GAG. Gulutamik asid ya tafi, balin ya zauna. Wannan harafi ɗaya shi ne sikila. Gulutamik asid yana jituwa da ruwa, balin ba ya yi, saboda haka duk lokacin da oksijin ya yi ƙaranci sai himogulobin ɗin ya riƙa mannewa da ɗan'uwansa yana zama dogayen sanduna. Su ne ke tanƙwara jar ƙwayar jini ta koma lauje, ta yi tauri, ta maƙale a ƙananan hanyoyin jini. Ciwon ƙashin da ke hana yaro barci daga nan yake. Lafiyayyar ƙwaya tana yin kwana 120, mai lauje kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jini ba ya isar su. Idan kuma G ta farko ce ta koma A a wannan gurbi, ya zama AAG, to himogulobin C ke nan.

Ɗalibin da ya bi wannan sarƙa da alƙalaminsa, daga harafi zuwa amino asid zuwa siffar ƙwaya zuwa ciwo, ya gama fahimtar abin da ake nufi da sauyin ƙwayar gado, kuma ba zai manta ba.

Aiki na uku shi ne lissafi, kuma a nan muke so ku fi daɗewa, don wannan ya wuce zancen jarrabawa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da S, wato sigar himogulobin ta sikila (lafiyayyar sigar ita ce A), kuma babu ƙasar da ta kai ta yawan haihuwar yara masu sikila. Da wuya a samu aji a Tudun Wada ko Kwangila ko cikin Birni da babu wanda abin ya taɓa gidansu. Malami ya kiyaye harshensa, kada ya sa kowa faɗin nasa a gaban aji.

Tushen lissafin na Gregor Mendel ne, wani malamin coci a garin Brno na ƙasar Czech ta yau da ya shafe shekaru yana haɗa irin wani wake, ya buga sakamakonsa a 1866. Abin da ya gano: kowane hali yana da siga biyu a jiki, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma wajen haihuwa kowannensu ɗaya kawai yake bayarwa. Wata siga tana rinjaye, wata tana lafewa har sai ta haɗu da irinta. A zuriya ta biyu ya ƙirga ƙwaya 5,474 masu santsi da 1,850 masu tamoji, wato kusan 3 da 1. Ku lura da kalmar kusan, da kuma yawan abin da ya ƙirga. A kan wannan hanya ta haɗa iri da zaɓe masu bincike a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru suke fitar da irin masara da wake da dawa da gyaɗa da manoma suka sani da SAMMAZ da SAMPEA da SAMSORG da SAMNUT.

Ku zana akwati, ku raba shi gida huɗu. Wannan shi ne jadawalin Punnett. A sama ku rubuta sigogin uba, ɗaya a kan kowane layi, a gefen hagu na uwa. Ku ɗauka duka biyun AS ne: sama A da S, gefe A da S. Kowane gida ku ɗauko harafin samansa da na gefensa ku haɗa. Za ku samu AA, AS, AS, SS. Wato kashi 25 AA, kashi 50 AS, kashi 25 SS. Kuskuren da masu gyaran takarda suka fi gani shi ne ɗalibi ya rubuta AS gaba ɗaya a kan layi ɗaya. Maniyyi ko ƙwai siga ɗaya yake ɗauka, don haka harafi ɗaya ake rubutawa. Ku ci gaba da sauran: AA da AS suna ba da rabi AA rabi AS, babu SS. AA da SS, duk 'ya'yan AS ne. AS da SS, rabi AS rabi SS. AS da AC kuwa ana yawan raina shi, alhali gida ɗaya cikin huɗu SC ne, kuma SC ma ciwon sikila ne.

Ga inda mutane da yawa, har da masu ilimi, suke ɓata lissafi. Kashi 25 ba ya nufin cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai zo da SS. Kowane ciki sabon lissafi ne, bai san abin da ya faru da na baya ba. Ku gwada da wake. Kwano biyu, ɗaya uwa ɗaya uba, kowanne da farin wake 50 da jan wake 50. Fari A ne, ja S. Ɗalibi ya rufe ido ya ɗauko ɗaya daga kowane kwano, a rubuta, a mayar da su, a gauraya. Mayarwar wajibi ce, in ba a mayar ba lissafin ya karkace. A yi sau 40, a ja layi bayan kowane huɗu a matsayin iyali guda. Za ku ga iyalin da ja biyu bai fito ko sau ɗaya ba, ku ga wanda ya fito sau biyu ko uku. Sai an tattara na ajin gaba ɗaya a allo adadin zai matso kusa da 1 da 2 da 1. Da lissafi kuma: damar ma'aurata AS da AS su haifi huɗu babu SS ko ɗaya ita ce 3/4 × 3/4 × 3/4 × 3/4, wato 81 cikin 256, kimanin kashi 32. Idan shida ne, ta sauka zuwa kimanin kashi 18. Auren zumunci ba shi ke ƙirƙiro S ba, amma yana ƙara yiwuwar ango da amarya su gaji siga ɗaya daga kaka ɗaya.

Ɗalibi mai kaifin tunani zai tambaya: in S cuta ce, me ya sa ta yi yawa haka a nan? Amsar zazzaɓin cizon sauro ce. Yaro mai AS yana da kariya daga mummunan nau'in maleriya, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a 1954, don haka a ƙasashen sauro masu AS sun fi tsira su girma su haihu. Kariyar ba cikakkiya ba ce, mai AS ma yana kamuwa, gidan sauro da magani suna nan a kansa.

Da wannan akwati dai za ku warware jinsi. Uwa XX ce, X kaɗai take iya bayarwa. Uba XY ne, rabin maniyyinsa X rabi Y. Namiji ko mace, daga ɓangaren uba ake samun bambancin, kuma matar da ake yi wa gori don ta jera 'ya'ya mata an zalunce ta. Haka kuma kada ku haɗa jinotayif na sikila, wato su AA da AS da SS, da rukunin jini. A, B, AB da O wata ƙwayar gado ce daban a kan kuromosom na 9, amfaninta wajen ƙarin jini ne. Mutum na iya zama O kuma AS. Uba mai AO da uwa mai BO suna iya haifar duk rukunai huɗu, ku zana ku gani.

Lissafin takarda ba ya aiki sai an san haruffan gaske, su kuma sai da gwaji. Akwai gwajin gaggawa da ke nuna cewa akwai S a jini kawai, ba ya bambance AS da SS, ba ya kuma ganin C. Wanda ake buƙata shi ne wanda ake ware nau'o'in himogulobin da lantarki, ilektiroforesis, ko na'urar da ta fi shi, kuma ana yi a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Shika. Abu biyu ke ɓata sakamako. Wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce yana ɗauke da himogulobin ɗin wani, don haka mai SS na iya fitowa a AS. Jariri ɗan ƙasa da wata shida kuma himogulobin na lokacin da yake cikin mahaifa yana da yawa a jininsa har yanzu, yana bukatar gwaji na musamman ko a maimaita daga baya. Idan maganar aure ce, a yi gwajin tun kafin a kai kuɗi, a kuma maimaita a wani ɗakin gwaji daban, kowa ya karɓi takardarsa da hannunsa.